Abin da Ya Fito a Kan Karan Dawa a Bayan Gidanmu

Shafin Kimiyya, daga wakilinmu na aji biyu na babbar sakandare

Shafin Kimiyya na wannan fitowa ya ɗan yi tsawo, don haka wanda ƙararrawa ta katse wa karatu ya riƙe inda ya tsaya, ya dawo idan an tashi tara.

A ƙarshen watan Yulin da ya wuce, ana saura 'yan kwanaki mu fara jarrabawar zango na uku, ruwa ya kwana biyu yana zuba a Toranke. Da gari ya waye ƙanwata ta zaga bayan gida neman busasshen kara na hura wuta, sai ga ta ta dawo a guje tana kiran Inna. Muka fita. A kan tarin tsohon karan dawa da ya rage bayan gyaran darni, ga wani abu nan launin ɗorawa sak, jiƙe, mai kumfa, kamar an kaɗa ƙwai an watsa. Faɗinsa ya kusa faifai. Jiya da magariba kuwa babu komai a wurin.

Inna ta ce kada wanda ya taɓa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce aman kare ne, wata ta ce yaushe kare ya fara hawa tarin kara don ya yi amai. Kafin hantsi magana ta sauya, an fara cewa sa shi aka yi, har ana lissafin wanda muka yi saɓani da shi a kan iyakar gona bana. Yayana kuma ya dage cuta ce, za ta faɗa wa gero, yana neman Baba ya ba shi kuɗin maganin feshi. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne da la'asar abin ya matsa. Ya bar inda yake, ya hau saman kara da fiye da tsawon yatsa, ya bar farin sawu a bayansa irin na dodon koɗi.

Na faki idon Inna na karyo kara ɗaya mai ɗauke da shi, na sa a gwangwanin madara, washegari na kai wa malaminmu na Bayoloji. Yana leƙawa ya yi dariya.

"Kai, ina ka samo wannan? Je ka gaya wa Innarka ta kwantar da hankalinta, babu wanda ya sa muku komai. Tun bara yana cikin karan nan, ruwa yake jira."

Na ce, "Malam, tsiro ne ko dabba?"

Ya ce, "Zauna. Wannan tambayar taka ta wahalar da manyan masana fiye da shekara 100."

Abin da ya faɗa mini ranar, da abin da na karanta daga baya a littattafan da ya ara mini, shi na tattara muku a nan.

Sunanta da danginta

Turawa suna kiran wannan halitta slime mould, wato fumfuna mai yauƙi, kuma da wannan suna za ku same ta a littafin Bayoloji. A wannan shafi za mu riƙa ce mata mai-yauƙi don sauƙi. Irin wadda ta fito a gidanmu sunanta na kimiyya Fuligo septica, kuma ana samun ta kusan ko'ina a duniya. Abin dariya, a Turance ma laƙabinta aman kare, ashe maƙwabciyarmu ba ita kaɗai ta yi wannan tunani ba.

Sunan fumfuna da aka liƙa mata kuskure ne da ya daɗe. Masanan farko sun ga tana fitar da ƙurar iri kamar yadda naman kaza da fumfunar burodi suke yi, sai suka jera ta cikin danginsu. A shekarar 1859 wani masani Bajamushe, Anton de Bary, ya bi rayuwarta tun daga farko, ya ga tana tafiya tana haɗiye abinci, sai ya raɗa wa ire-irenta suna Mycetozoa, ma'ana dabbobi masu kama da fumfuna. Bambancin yana wajen cin abinci. Fumfuna ta gaskiya ba ta motsawa daga inda take. Zare take shimfiɗawa cikin abin da za ta ci, ta zuba masa ruwan narkarwa, sannan ta tsotse. Mai-yauƙi kuwa zuwa take ta lulluɓe abincinta ta haɗiye shi ɗungurungum, kamar yadda amiba take yi a zanen da muka kwafa a aji ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado na zamanin nan ya tabbatar da haka: 'yar uwar amiba ce, a rukunin da ake kira Amoebozoa. Idan ta fito a jarrabawa, ku sa ta cikin Protista.

Nau'o'in da aka sani na irin wannan mai-yauƙi sun kai kimanin 1,000. Mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, sai an durƙusa an ƙura ido. Tamu ta bayan gida tana cikin 'yan kaɗan da ake hangowa daga nesa.

Ƙwaya ɗaya mai faɗin faifai

A nan ne na fi daɗewa ban yarda da Malam ba. An koya mana cewa ƙwayar halitta, wato sel, ƙarama ce, ido ba ya ganinta sai da maikiroskof, kuma kowace tana da cibiya ɗaya da ke riƙe da bayanan gado. To, wancan abu mai launin ɗorawa da ya tayar mana da hankali, gaba ɗayansa ƙwaya ɗaya ce. Fata ɗaya ce ta kewaye shi, babu bango ko ɗaya a ciki, amma cibiyoyin da ke yawo a cikinsa sun kai miliyoyi. Ku ɗauka gida ne da aka rushe duk katangun ɗakunansa, aka bar katangar waje kaɗai, kowa yana yawo a tsakar gida ɗaya.

Yadda hakan ke faruwa shi ne, a jikinmu idan cibiya ta rabu biyu, ƙwayar ma sai ta rabu biyu. A jikin mai-yauƙi cibiya ce kaɗai ke rabuwa, ƙwayar sai dai ta ƙara faɗi. A nau'in da aka fi yin bincike da shi, Physarum polycephalum, cibiyoyin nan duka suna rabuwa a lokaci guda, kusan duk bayan sa'a 8 zuwa 10, kamar ɗalibai a filin taro da aka ce su miƙe. Wannan ya sa masu nazarin yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa suka daɗe suna kiwon ta a ɗakunan gwaji.

Wannan mataki na rayuwarta, lokacin da take malala tana kiwo, sunansa a littafi plasmodium. Hattara 'yan aji uku: ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma sunanta Plasmodium, amma suna ne kawai ya zo ɗaya. Mai-yauƙi ba ta sa zazzaɓi, ba ta da alaƙa da sauro.

Idan ka duba ta da gilashin ƙara girma za ka ga jijiyoyi sun rarrabu a jikinta kamar na bayan ganye, masu kauri a baya, sirara a gaba, bakin gaban kuma ya buɗe kamar mafici. A cikin jijiyoyin ruwan jikinta ne ke gudu. Zai yi gaba na kamar minti ɗaya, ya tsaya, ya dawo baya, ya sake yin gaba. Gudun ruwan yakan wuce milimita ɗaya a daƙiƙa, wanda yana cikin mafi sauri da aka taɓa aunawa a cikin ƙwayar halitta. Bangon jijiyoyin ne ke matsewa yana saki, kuma sinadaran da ke wannan aiki, aktin da mayosin, irinsu ne ke cikin tsokar hannunka da kake riƙe biro da ita. Da yake ruwan da ke tafiya gaba ya ɗan fi wanda ke dawowa, a hankali sai duk jikin ya matsa. Tafiyarta ba ta wuce santimita ɗaya zuwa 'yan kaɗan a sa'a. Shi ya sa idan ka tsaya kana kallo ba za ka ga komai ba, sai ka tafi ka dawo ka tarar ta sauya wuri. Wannan shi ne duk sirrin abin da ya firgita gidanmu da la'asar.

Me take nema a kan tsohon kara? Ba karan take ci ba. Bakteriya da yis da ƙurar irin fumfuna da ke tsirowa a kan ruɓaɓɓen kara su ne abincinta. Kiwo take yi, kamar akuya a saura. Tana gudun hasken rana mai ƙarfi da gishiri da bushewa, tana bin danshi da ƙanshin abinci. Idan ka yanka ta gida huɗu, kowane yanki zai ci gaba da rayuwarsa, idan kuma suka sake haɗuwa sai su narke su koma ɗaya.

Daga ƙura zuwa ƙura

Kwana biyu bayan na kai wa Malam samfurin, abin da ya rage a bayan gida ya daina motsi. Ya dunƙule, ya bushe, bayansa ya yi ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa. Da na taɓa da tsinke sai ɓawon ya fashe, wani baƙin gari ya tashi. Yayana ya ce ai ga shi nan, burtuntuna ce. Kamar ta yi kama, amma burtuntuna fumfuna ce ta gaskiya da ke shiga jikin dawa mai rai ta cinye ƙwayar hatsi. Wannan baƙin gari kuwa ƙurar irin mai-yauƙi ce, kuma daga nan rayuwarta take farawa.

Kowace ƙwayar ƙurar nan, idan ka jera guda 100 a layi, da kyar su cika milimita ɗaya. Iska ce ke kwashe su, ƙwari ma suna ɗauka. Wadda ta faɗa wuri mai danshi sai ta tsage, wata 'yar amiba ta fito. Idan akwai ruwa kwance sai ta fitar da wutsiya biyu, doguwa da gajeriya, ta riƙa iyo. Idan ruwan ya ja sai ta janye wutsiyar ta koma rarrafe. Tana cin bakteriya, tana rabuwa biyu, tana yawaita, duk ido bai gani ba. A wannan siffa mafi yawan mai-yauƙi suke zaune a cikin ƙasar gonakinmu.

Sai ranar da amiba biyu da suka dace da juna suka haɗu, suka narke suka zama ɗaya, cibiyoyinsu ma suka haɗe. A wurinsu babu namiji da mace irin yadda muka sani. Abin da ke akwai shi ne ire-iren jinsi, kuma a Physarum polycephalum lissafin ya kai 720, kowanne yana neman wanda ya bambanta da shi. Daga wannan haɗuwa cibiya ta fara rabuwa ba tare da ƙwayar ta rabu ba: biyu, huɗu, takwas, har miliyoyi. Jiki mai malala ya samu ke nan. Yana iya yin makonni a ɓoye a ƙarƙashin kara ko cikin juji, inda duhu da danshi suke.

To me ya fito da ita sarari a gidanmu? Idan abinci ya ƙare, halinta yakan juya. Hasken da take gudu a da, yanzu shi take nema. Sai ta hau wuri mafi tsayi da bushewa da za ta iya kaiwa, don iska ta sami damar kwashe irinta. Ashe ranar da muka gan ta muka tsorata, ranar ƙarshen yawonta ce. Cikin dare ɗaya ko biyu duk jikin ya rikiɗe ya zama ma'ajiyar iri.

Fuligo dunƙule ɗaya take yi, mai ɓawo da ke ɗauke da sinadarin alli. Sauran nau'o'in sun fi ta kyau nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikinsu jikinsu rarrabuwa yake ya zama ɗaruruwan 'yan zangarniyoyi, kowace bisa siririn kara, tsayinta milimita ɗaya ko biyu. Stemonitis takan fito kamar tuntun gashi mai launin makuba a kan ruɓaɓɓen icce. Arcyria ja-ja ce, idan ta buɗe kamar ɗan soso. Lycogala ƙananan ƙwallaye take yi masu ruwan hoda, idan ka huda ɗanye sai wani abu mai kauri ya fito. Akwai kuma mai ruwan toka da kan lulluɓe ganyen ciyawa bayan ruwa, har ka ɗauka toka aka watsa.

Ina take shiga da rani?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin mu nan ruwa yana ɗaukewa tun farkon Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Tsakani ga hunturu mai fasa leɓe, ga bazarar da zafi ke haura digiri 40. Halittar da jikinta kusan duk ruwa ne, ba ta da fata mai kauri, ta yaya take kai labari?

Hanya uku gare ta, ɗaya ga kowane mataki na rayuwarta. 'Yar amiba idan ta ji bushewa sai ta dunƙule ta yi wa kanta kwasfa, ta kwanta. Ƙurar iri kuwa dama don jira aka yi ta: an taɓa jiƙa wadda ta yi gomman shekaru a akwatin ajiyar masana, ta kuma tsage ta fito. Hanya ta uku ita ce ta fi burge ni. Idan fari ya riski babban jikin yana tsakiyar kiwo, kafin ya shirya yin iri, sai ya tattare ya bushe ya zama wani ɓawo mai tauri da ake kira sclerotium. Ni dai ƙanzo nake ce masa, don babu abin da ya fi kama da shi. Yadda Inna ke ajiye ƙanzon tuwo ya yi watanni, ranar da aka buƙata a jiƙa, haka wannan yake. Zai iya shekara ko fiye a bushe. Ka ɗiga masa ruwa, cikin sa'o'i ya farfaɗo ya ci gaba da tafiya daga inda ya tsaya.

Da wannan dabara ake samun mai-yauƙi har a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, ɗaya daga wurare mafi bushewa a duniya. Idan ta rayu a can, ranin Ajingi da Gaya ba zai gagare ta ba. A yanzu haka da kake karanta wannan, tana nan kwance a ɓawon darbejiyar da ke harabar makaranta, da dangar kara, da busasshen kashin awaki, da takin da za a kai gona da bazara.

Da ƙanzon nan ne ma aka kai ta sararin samaniya. A 2021 ɗan sama jannatin Faransa, Thomas Pesquet, ya jiƙa busasshiyar Physarum a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yayin da dubban azuzuwa a makarantun Faransa suke yin gwaji iri ɗaya a ƙasa don a kwatanta. Kafin nan, a 2019, gidan zoo na birnin Paris ya ware mata wuri, mutane suna biyan kuɗi su kalli irin abin da mu muka so mu fesa wa magani.

Ba ta da ƙwaƙwalwa, amma ta san hanya

A shekarar 2000 wani masanin Japan, Toshiyuki Nakagaki, da abokan aikinsa suka yi wani ɗan fili mai lunguna masu ruɗarwa, suka bar Physarum ta cika shi. Sannan suka ajiye abinci a ƙofar shiga da ƙofar fita. Cikin kimanin sa'a 8 ta janye jikinta daga duk lungunan da ba su ɓulle ba, ta bar jijiya ɗaya mai kauri a kan hanya mafi gajarta tsakanin abincin biyu.

A 2010 suka ƙara wani. Suka zana taswirar yankin Tokyo, suka sa ƙwayar hatsin ot, irin wanda ake sayarwa a gwangwani ana damawa, a wurare 36 da garuruwa suke, suka haska fitila a inda duwatsu da teku suke tunda tana gudun haske. Bayan kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, jijiyoyin da ta shimfiɗa sun yi kama ƙwarai da layukan dogon da injiniyoyi suka ɗauki shekaru suna tsarawa. Na so a ce muna da ita a ɗakin gwajinmu, mu sa mata ot a Toranke da Ajingi da Gaya da Wudil da Dutse, mu ga inda za ta ce a yi titi.

Jaridu sukan rubuta cewa tana da basira. Ni a ganina kalmar ta yi nauyi, domin bayanin abin yana da sauƙi, kuma duk ɗan ƙauye ya san shi. Jijiyar da ruwa ya fi bi sai ta ƙara kauri, wadda ruwa ya rage bi sai ta tsuke ta ɓace. Haka hanyar ƙafa take tsakanin gari da gona: babu wanda ya zauna ya tsara ta, wadda ƙafa ta fi bi ita ke faɗi, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta da damina. Duk da haka akwai gwajin da har yanzu yake ba ni mamaki. A 2016, a birnin Toulouse na Faransa, Audrey Dussutour da abokan aikinta suka sa mata gada mai ɗaci, an shafa mata kwinin, tsakaninta da abinci. Ranar farko da kyar ta haye. Bayan kwana biyar zuwa shida ta saba, tana hayewa ba ɗar. Da aka huta mata kwana biyu, sai ƙyamar ta dawo. Sabo ke nan da mantuwa, a jikin da babu ƙwaƙwalwa ko ɗigo.

Masu kiran gayya

Akwai wani reshe na dangin da ya kamata ku sani, don littafi yakan raba mai-yauƙi gida biyu. Duk abin da na faɗa a sama na masu ƙwaya ɗaya ne. Na biyun ba sa narkewa su zama ɗaya. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Dictyostelium discoideum, wanda Kenneth Raper ya bayyana a 1935 bayan ya samo shi a ƙasar wani daji a jihar North Carolina ta Amurka.

Su kowace amiba harkarta take yi ita kaɗai muddin akwai abinci. Idan yunwa ta shigo, sai wasu su fara sakin wani sinadari, wanda ya ji ya saki nasa ya nufi inda kiran ya fito, kamar an buga gangar gayya. Har 100,000 sukan taru su zama wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita 2 zuwa 4, ta yi ta rarrafe tana bin haske da ɗumi. Inda ta tsaya, kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin sai su sandare su mutu su zama kara, sauran su hau kansu su zama iri. Wa ke zama kara, wa ke zama iri, kuma me ke hana wasu yin zamba su riƙa tsere wa mutuwa kullum? John Bonner na Jami'ar Princeton, wanda ya rasu a 2019, ya shafe kusan shekara 70 yana nazarin waɗannan halittu.

Tsoron da aka sa a inda bai dace ba

Ba mu kaɗai muka taɓa firgita ba. A 1973, a garin Garland kusa da Dallas a Amurka, irin wannan abu ya fito a bayan wani gida, jaridu suka ɗauka, har wasu suna cewa daga wata duniya ya faɗo. A Finland mutanen da sun ɗauka mayu ne ke amfani da shi su ɓata nonon shanun maƙwabta. Ka ji, can ma maƙwabci aka fara zargi.

Gaskiyar magana, mai-yauƙi ba ta cin shuka mai rai, ba ta da dafin da ke kama fata, ba ta kashe kaza ko akuya. Iyakar ɓarnarta, idan ta hau ƙaramin tsiro a wurin renon iri takan tare masa haske, sai a kwashe ta da itace ko a wanke da ruwa. Mai asma ya guji shaƙar baƙar ƙurar, kamar yadda zai guji kowace ƙura. Fesa mata magani asarar kuɗi ce, kwana biyu ma ta bushe da kanta. Amfani ma take yi, domin idan ta ci bakteriya tana sakin sinadaran da saiwar shuka ke sha.

Wadda ta cancanci a ji tsoro ba ta da launi mai ɗaukar ido, ba ta kuma tafiya. Ita ce koriyar fumfunar nan da ke kama gyaɗa da masara idan an zuba su a buhu ko rumbu ba su gama bushewa ba. Sunanta Aspergillus flavus, tana fitar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Yanzu da ake cire gyaɗa, wannan ce maganar da ya kamata mu kai gida.

Gwaji ga mai so

A Najeriya an daɗe da fara tattara mai-yauƙi. A 1916 C. O. Farquharson, jami'in binciken cututtukan shuka a kudancin ƙasar nan, da Gulielma Lister ta Ingila suka wallafa bayanin nau'o'in da aka samo a kudu, sannan Bruce Ing ya ƙara nasa a 1964. Amma masana fannin suna lissafa Afirka cikin nahiyoyin da aka fi ƙarancin bincike. Ɗalibin da zai je Jami'ar Bayero ko ta Wudil ya karanta Bayoloji, ga fili nan a buɗe, kuma kayan aikin farko ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ga yadda masana suke yi tun 1933, kuma rani ne lokacin da gwajin ya fi armashi. Ka samo roba mai murfi, wadda ake gani ta cikinta. Ka shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a ƙasanta. Ka ɓamɓaro busasshen ɓawon darbejiya ko tsamiya ko kuka, gutsure uku ko huɗu, daga wajen icce ba tare da ka ji masa rauni ba, ko ka sa guntayen tsohon kara. Ka jera su bayansu yana kallon sama, ka zuba ruwa mai tsabta ya rufe su, su kwana. Da safe ka tsiyaye ruwan, ka rufe, ka ajiye a ɗaki inda haske ke shiga amma rana ba ta bugawa. Kullum ka duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, idan takardar ta fara bushewa ka ɗiga ruwa kaɗan. Wasu nau'o'in sukan fito cikin kwana biyu zuwa uku, wasu sai sun yi wata guda, wata robar kuma fumfuna ce kawai za ta cika ta, don haka a haɗa uku ko huɗu. Kada a ɗanɗana komai, a kuma wanke hannu bayan an taɓa.

A jikin kowace roba a rubuta sunan iccen, da unguwar da aka samo shi, da ranar da aka jiƙa. Wanda ya ga siraran jijiyoyi a kan takarda, ko 'yan zangarniyoyi a kan ɓawo, ya zana abin da ya gani ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida ranar Laraba bayan an tashi. Malam ya yi alkawarin fito da maikiroskof, kuma zanen da ya fi kyau za mu liƙa shi a wannan allo a fitowa ta gaba.